Awon Mai da Iska a Saman Dutse

A kudu maso yammacin jihar Kolorado ta Amurka akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Alpine Loop, wadda ta haɗa garuruwan Silverton, Ouray da Lake City. Masu haƙar azurfa da zinariya ne suka sassare ta cikin duwatsun San Juan a ƙarshen ƙarni na 19, don alfadarai da kekunan doki su riƙa sauko da ma'adinai. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 100, kuma a mashigin Engineer Pass takan kai kusan mita 3,900 sama da doron teku. Idan ƙanƙara ta narke, sai hanyar ta cika da babura masu ƙafa huɗu, irin waɗanda ake ƙerawa don jeji da laka da hawan tsauni. Da yawa daga cikin masu su baƙi ne da suka jawo su a tirela tun daga Teksas, wasu ma daga Houston da ke dab da bakin teku.

Abin da ke samun tsofaffin baburan nan masu kafireto kusan iri ɗaya ne. Mashin ɗin da ya bar gida lafiya lau, yana tashi da bugu ɗaya, ana sauke shi a Silverton sai ya soma tari. Silo ya ƙi zama. A danna totur da babban yatsa, ya riƙa shaƙewa yana fizga, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. Mai ya riƙa zurarewa daga tanki ba tare da an ga tafiyar da aka yi ba. Wani kafin ya kai Animas Forks, kufan masu haƙa da ke kan hanyar, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mashin ya mutu murus. Mai shi ya yi ta rantsuwa cewa gurɓataccen mai aka sayar masa, ko kuma wani abu ya karye a tirela. Alhali babu abin da ya karye. Iska ce ta canja, kafireto kuwa ba shi da labari.

Gyaran wannan matsala sana'a ce mai zaman kanta a garuruwan tsauni, kuma a ganina tana cikin ayyukan hannu mafi burgewa da suka rage a kanikanci. Mai yin ta yana auna abin da ido ba ya gani, da kayan aikin da duk za su shiga aljihun riga: sukundireba, ƙaramin sifana, sababbin fulogogi biyu ko uku, da 'yan ƙwayoyin tagulla masu huji a tsakiya. Sauran aikin na kunne ne da hanci da haƙuri.

Ana yawan cewa iskar saman dutse ba ta da oksijin sosai. Maganar na buƙatar gyara. Kason oksijin a cikin iska yana nan a kashi 21 cikin 100, ko a Legas ko a ƙololuwar Everest. Abin da ke raguwa nauyin iskar ne baki ɗaya. A bakin teku, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana da nauyin kilo 1.2 da 'yan kai. A tsayin mita 3,000 ta koma giram 900 da ɗoriya, wato kusan rubu'inta ya tafi. A Engineer Pass abin da ya tafi ya kusa sulusi. Shi kuwa fistin yana sauka iyakar inda ya saba, ya zuƙi cikin silinda guda, ba ƙari ba ragi. Kafireto da mudu yake awo, wutar da ke ci a cikin inji kuwa da sikeli take karɓa. A ƙasa awon biyu sun yi daidai tun daga masana'anta. A saman dutse mudun na cika kamar kullum, amma a ɗora shi a sikeli sai a ga ya gaza.

Fetur na son iska mai nauyinsa sau 14.7 kafin ya ƙone ƙurmus. Inji ya fi ƙarfi idan an ɗan ƙara masa mai, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska a kan kashi ɗaya na mai, ya kuma fi tsimi idan an ɗan rage, wajen 15 ko sama kaɗan. Tsakanin waɗannan lambobi ne duk rayuwar injin fetur take, kuma filin ba shi da faɗi.

Yadda kafireto ke haɗa su abu ne mai sauƙi da ban sha'awa. Maƙogwaronsa ya tsuke a tsakiya. Iska idan ta zo matsatsin sai ta ƙara gudu, idan ta ƙara gudu kuma matsinta ya faɗi, wannan faɗuwar ce ke tsotso mai daga kofin da ke ƙasa ta cikin ɗan huji. Daniel Bernoulli ya bayyana dokar a littafinsa na 1738, Giovanni Battista Venturi ɗan Italiya ya gwada ta a bututu mai tsukewa a ƙarshen wannan ƙarnin, shi ya sa har yau matsatsin ke amsa sunansa. Babu wayar lantarki, babu kwamfuta, babu famfo a ciki. Iska ce ke jawo abincinta da kanta.

To, iska marar nauyi ba ta tsotso da ƙarfi, don haka man ma yakan ragu da kansa idan aka hau. Matsalar ita ce raguwar tasa ba ta kamo ta iskar. A lissafin injiniyoyi, idan nauyin iska ya faɗi da kashi 26 cikin 100, kamar yadda yake a mita 3,000, awon iska da mai yakan karkace da kusan kashi 14. Injin da ya baro teku yana shan 13 a kan 1, ya iso Silverton yana shan 11 da ɗan abu. Rarar man ba ta samun iskar da za ta ƙone ta. Wani ya fita ta salansa a matsayin hayaƙi da iskar gas mai guba, wani ya daskare a kan fulogi ya zama kunkunniya, wani kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Asarar ba ta tsaya a aljihu ba, inji ma yana tsufa da wuri.

Alamar farko ta bakanike na gari a irin waɗannan garuruwa ita ce ya faɗa wa baƙo abin da ba zai iya yi masa ba. Ƙarfin da dutse ya ƙwace ba ya dawowa da sukundireba. Littattafan da kamfanin Honda ke haɗawa da ƙananan injinansa sun faɗi abin ƙarara: ko an saita kafireto daidai, ƙarfin inji zai ragu da kimanin kashi 3.5 cikin 100 a duk mita 300 da aka hau. Wanda ya kai mita 3,000 ya bar kusan sulusin dawakinsa a ƙasa. Abin da saiti ke maidowa shi ne asara ta biyu, wadda yawan mai ya ɗora a kan ta farko. Duk wanda ya yi alkawarin fiye da haka, ciniki yake nema.

Alama ta biyu, ba ya saurin kwance kafireto. Sai ya fara duba matatar iska, domin hanyoyin nan ƙura ce da su, kuma matata toshasshiya tana kawo duk alamun da tsayi ke kawowa. Ya duba gibin bawul. Ya duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage tana satar iska. Ya duba fulot, ɗan abin nan da ke yawo a kan mai cikin kofi yana buɗe ƙofa yana rufewa, domin in ya bari mai ya hau fiye da ƙima, kowane jet aka sa ambaliya za a yi. A dazuzzukan gwamnatin Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan babura sa raga a bakin salansa don tare tartsatsi, kada a tayar da gobarar daji. Injin da ya daɗe yana shan mai da yawa yakan toshe ragar da kunkunniya, ya riƙa shaƙe kansa ta baya. Mutane da yawa sun canja jet sau uku suna neman ƙarfin da goga da ɗan kananzir za su dawo da shi.

Sai an gama da waɗannan ake zuwa ga ainihin aikin.

Kafireton babur ba ƙofar mai ɗaya gare shi ba, uku ne, kuma kowace da lokacinta. Daga silo zuwa kamar rubu'in totur, ƙaramin jet ne ke ciyar da inji, tare da wani ɗan sukuru da ake murzawa daga waje. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne: doguwar allura mai tsini da ke zaune cikin bututu, tana ɗagawa idan an danna totur, gibin da ke kewaye da ita na buɗewa a hankali. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet, wanda ke can ƙasa cikin kofi, shi ne iyakar abin da zai iya wucewa. Iyakokin nan ba a zane suke da layi ba, suna shiga juna, shi ya sa idan aka taɓa ɗaya sai ɗayan ya motsa. Gwani ba ya tambayar mai mashin gudun nawa yake yi lokacin da abin ya shaƙe. Tambayarsa ita ce ina yatsansa yake a kan totur. Wasu ma sukan manna farin salatif a jikin totur su yi masa zane huɗu, don kada a yi ta zato.

A nan ne kunne ke shigowa. Injin da mai ya yi wa yawa yana da murya mai kauri, yana gurnani yana yankewa, kuma abin ya fi muni idan ya yi zafi. Da sanyin asuba zai tashi ba tare da an ja cok ba, wanda mai shi ke ɗauka alamar lafiya ce, alhali shaida ce a kansa. A ɗan ɗaga murfin matatar iska, sai a ji ya washe. Wanda mai ya yi wa kaɗan kuwa muryarsa siririya ce, busasshiya. A danna totur da sauri ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa, a saki ya riƙa harbi ta salansa, silo ya maƙale a sama ya ƙi saukowa. A ja masa cok kaɗan sai ya ji daɗi. Matata da cok, su ne gwaji biyu na kyauta: ɗaya na ƙara iska, ɗaya na ƙara mai, duk wanda inji ya yi na'am da shi ya nuna inda ciwon yake.

Akwai wani gwajin da kamfanin Mikuni ya koyar a littafin saitinsa, wanda nake ganin ya fi kowanne wayo. A sami miƙaƙƙiyar hanya, a danne totur har ƙarshe, inji na ja sosai, sannan a ɗan sassauta, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In mashin ya ƙara zabura a daidai lokacin, babban jet ya yi ƙanƙanta. In ya yi tuntuɓe kafin ya daidaita, jet ɗin ya yi girma. Dalilin kuwa, a wannan ƙiftawar ido iska ta riga mai raguwa, cakuɗin ya ɗan yi kauri, sai injin ya faɗi da bakinsa ko yana so ko ba ya so.

Bayan kunne sai ido. A ɗaura sabon fulogi, a hau tudu da totur a danne na ɗan lokaci, a kashe inji nan take ba tare da an bar shi ya yi silo ba, a cire fulogin a duba farin tangaran da ke cikinsa. Baƙi mai laushi, mai ya yi yawa. Fari fat mai ƙyalli, ko mai ɗigo-ɗigon toka, haɗari na kusa. Abin nema shi ne ruwan ƙasa mai haske. Fetur na zamani marar dalma ba ya rina fulogi kamar na da, don haka gwanaye ba sa tsayawa a tsinin, sai su haska fitila can cikin gindin tangaran inda zoben hayaƙi ke kwanciya. Masu tsananin son tabbaci har yanka ƙarfen fulogin suke yi da zarto don su ga zoben da kyau. Fulogi ɗaya ya tafi, amma ya fi fistin araha.

Su kansu jet ɗin, ƙananan abubuwa ne da za su ɓace a tafin hannu, kowanne da lamba a jikinsa. Kamfanoni biyu na Jafan ne suka mamaye baburan nan: Keihin, wanda Honda ta fi amfani da shi, da Mikuni, wanda ake samu a yawancin Yamaha da Polaris. Lambobinsu ba sa fassara juna, 130 na wannan ba shi ne 130 na wancan ba, kuma wanda ya cakuɗa su ya sayi wahala da kuɗinsa. A na Keihin lambar tana bin faɗin hujin, 130 na nufin kimanin milimita 1.30. Don a rage mai da kashi 14 ba sai an rage faɗin da kashi 14 ba, kusan kashi 7 ya isa, tunda fili na ƙaruwa ne ta tsawo da faɗi a lokaci guda. Ke nan mashin mai 130 a bakin teku zai nemi wajen 122 ko 120 a mita 3,000. Bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A ajiye su biyu a tebur, ido ba zai raba su ba. Amma tsakaninsu akwai mashin da ke mutuwa a rabin tudu da wanda ke haye shi.

Lissafin nan mafari ne kawai, kuma gwani ya san haka. Yawancin baburan aiki na shekarun 1990 da 2000 suna da irin kafireton da ba waya ce ke ɗaga allura kai tsaye ba, wata roba ce a sama da tsotson iska ke ɗagawa. Iska marar nauyi ba ta ɗaga ta sosai, allura ta zauna ƙasa-ƙasa, mai ya ragu da kansa. Irin wannan ba ya buƙatar ragi mai yawa kamar yadda takarda ta ce. Shi ya sa ake sauka mataki-mataki, lamba ɗaya a lokaci ɗaya, a rufe, a hau a gwada, a dawo. Abu ɗaya ake canjawa kafin kowane gwaji. Wanda ya canja jet da allura da sukuru a zama guda, ko ya dace bai san me ya gyara ba, in kuma ya ɓata bai san inda zai koma ba. Sukurorin kofin ma suna da nasu tarkon: ƙirar Jafan ce, kansu ya yi kama da na sukundireba mai kuros da kowa ya sani amma ba daidai suke ba, kuma ƙarfensu laushi gare shi. Hannu mai gaggawa yakan cinye kan tun kafin a ga cikin kafireton.

Yanzu ga maganar tsimin mai, wadda ita ce ke kawo yawancin mutane gareji. Mai kiwon shanu da ke zagaya shinge, ko maharbin da ke bin barewar dutse da kaka, ba ya danne totur har ƙarshe sai jefi-jefi. Yininsa duka tsakanin silo da rabin totur yake. Ke nan man da yake ƙonawa ta ƙaramin jet da allura yake bi, kuma can ne tsimi yake ɓoye. Allura na da tsaga-tsaga a kanta, galibi biyar, da ɗan kilif da ke riƙe ta. A matsar da kilif sama, allura ta nutse ƙasa, gibi ya tsuke, mai ya ragu. Sabon shiga yakan juya wannan a kansa, ya ɗaga allura yana zaton ragewa yake yi. Shi ma ɗan sukurun waje haka yake da ruɗi: in yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, a ɗaure shi mai ya ragu, in yana ɓangaren matata, iska yake sarrafawa, a kwance shi ne mai ke raguwa. Ana murza shi ne inji na da zafi, rubu'in zagaye a lokaci guda, a dakata a saurara, har a sami inda silo ya fi tashi ya fi santsi. In sai an kwance shi fiye da zagaye uku kafin a samu, ko kuwa yana dab da rufewa, sukurun na cewa a canja ƙaramin jet ne. A Amurka dokar hayaƙi ta sa masana'antu sukan rufe wannan sukuru da murfi ko su yi masa kai na musamman, don kada kowa ya riƙa wasa da shi.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne sanin inda za a tsaya. Kowa zai iya rage mai. Hasali ma inji yakan fi daɗin amo, ya fi zabura, a daidai gaɓar da ya soma shiga haɗari, kuma wannan daɗin ne ke yaudarar mutane su ƙara mataki ɗaya. Rarar man da ake ƙorafi a kai tana da aiki: tana sanyaya kan fistin da bawul. A janye ta gaba ɗaya a lokacin da inji ke jan kaya a tudu, zafi ya hau. Ga shi iskar dutse ba ta kwashe zafi daga jikin inji kamar ta ƙasa, mashin kuma na rarrafe a ƙaramar giya, ba iskar gudu. Bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, ko fistin ya huje. A inji mai bugu biyu irin Yamaha Banshee, wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, rage fetur rage man shafawa ne kai tsaye, kuma fistin na iya kamewa cikin 'yan mintoci. Don haka gwani yakan tsuke tsakiya, inda ake yini, ya bar babban jet da ɗan sauran yalwa, inda ake mutuwa.

Sannan ba ya saita mashin don ƙololuwa. Yakan tambayi mai shi ina ne mafi ƙasa da zai je, kuma da wane lokaci. Alpine Loop kanta tana hawa da sauka fiye da mita 1,000 tsakanin Lake City da mashigin Engineer Pass. Jet ɗin da ya dace da mita 3,900 zai bar inji da yunwa a mita 2,600. Sanyi ma na da nasa hannun, domin iska mai sanyi ta fi nauyi: duk digiri 3 da zafi ya sauka, nauyinta na ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100. Asubar kaka mai ƙanƙara tana iya mayar da mashin kamar ya sauko ɗaruruwan mitoci yana tsaye wuri ɗaya. Saboda haka ana saitawa ne don wuri mafi ƙasa da safiya mafi sanyi, a haƙura da ɗan gurnani a can sama. Ɗan yawan mai fulogi yake ci. Ƙarancinsa inji yake ci. Bakanike mai amana yakan ƙulle tsofaffin jet ɗin a leda ya miƙa wa baƙo, ya rubuta lambobin a cikin murfin matata, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sauka Moab ta jihar Utah, mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, balle Houston, bai mayar da su ba. Littattafan Honda ma sun yi wannan gargaɗin da manyan baƙaƙe.

Akwai 'yan abubuwan da ba na kafireto ba amma suna tafiya tare da shi. Baburan da ke da giyar bel mai canja kanta, irin na Polaris, an auna nauyin ƙarafan kulocinsu ne da ƙarfin inji na ƙasa. A sama sai a sa marasa nauyi don injin ya samu ya kai juyin da yake da ƙarfi, kuma littattafan kamfanin na ɗauke da jadawalin wannan kusa da na jet. Tayoyi kuma, da yake iskarsu 'yar kaɗan ce, wajen 5 a geji, hawa mita 3,000 kaɗai na iya ƙara musu kusan 4, su yi tauri su riƙa tsalle a kan dutse. Ko fetur ɗin ma daban ne: gidajen mai a Kolorado na sayar da mai lamba 85, ƙasa da 87 da aka saba a sauran jihohi, bisa hujjar cewa inji ba ya saurin ƙwanƙwasa a iska marar nauyi.

Matuƙan ƙananan jiragen sama irin Cessna 172 sun huta da duk wannan kwance-kwance, domin an ba su jan maɓalli a gabansu da suke ja su rage mai yayin da suke hawa. Babur bai samu wannan gatan ba sai da injekta ta zo. Daga tsakiyar shekarun 2000 manyan kamfanoni suka soma sauya sheƙa. Yamaha Grizzly 660 mai kafireto ne, 700 da ya biyo shi a 2007 injekta ce. Na'ura na auna matsin iska da zafinta, kwamfuta ta gyara awon mai sau da yawa cikin daƙiƙa guda, mai mashin bai ma san an yi ba. Ba na cikin masu kukan wannan ci gaba. Ya fi tsabta, ya fi tsimi, ya kuma ceci injina da yawa daga hannun masu karambani. Sai dai tsofaffin Honda FourTrax 300, waɗanda aka daina ƙerawa tun 2000, sun ƙi mutuwa, suna nan a gonaki da garken shanu, kuma duk wanda ya gaji ɗaya ya gaji buƙatar mai kunne.

Mu ma nan ba baƙin zancen ba ne, ko da yake namu masu ƙafa biyu ne. Bajaj da Jincheng da Haojue da suka cika hanyoyinmu yawancinsu kafireto gare su, dokar iska kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos ta kai wajen 1,200, tudun Mambilla a jihar Taraba kuwa galibinsa wajen 1,600 ne, ga sanyi. A wannan tsayin iska ta rasa kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinta, awon mai ya karkace da kashi 7 ko 8. Bai kai na Silverton ba, amma ya isa ya baƙanta fulogi ya kuma ci kuɗin ɗan acaɓa kullum, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Koken da ake kai wa gareji ɗaya ne: "Maigida, mashin ɗin nan shan mai yake, a ɗan rage min." Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure sukuru, a nutsar da allura har ƙarshe, a sallami mutum yana murna. A Gembu ko Nguroje wataƙila hakan ya zo daidai, tunda dutse ya riga ya ba da dalilin ragin. Amma wannan mashin ɗin gobe zai ɗauko buhu biyu da fasinja ya gangaro ta Mayo Selbe zuwa Serti, inda iska ta fi nauyi, rana kuma ta fi zafi, daga nan ya juya ya sake hawa tudun da kaya a ƙaramar giya. Kafin bakanike ya ɗora sukundireba, ya kamata ya tambayi ɗan acaɓan ina da ina yake zuwa.